Nisan Tafiya da Tsawon Lokaci a Jirgin Sama Tsakanin Kano da Jidda

Gabatarwa

A duk shekara, da zarar lokacin jigilar maniyyata aikin Hajji ya ƙarato, akwai tambaya guda da jami'an alhazai na ƙananan hukumomi da hakimai da dagatai suke shan amsawa: "Shin awa nawa ne daga Kano zuwa Jidda?" Amsar da aka saba bayarwa ita ce awa huɗu da rabi. Wannan amsa tana kan hanya, amma ba ta cika ba, kuma rashin cikarta yakan jawo matsala. Akwai iyalan da kan kwana cikin zullumi domin sa'o'i biyar sun wuce ba su ji muryar mahaifinsu ba. Akwai dattijon da kan kulle maganinsa a babbar jaka, yana zaton zai isa masauki kafin lokacin shan maganin ya zagayo. Akwai kuma mai tafiya Umra ko fatauci da kan fahimci lokacin da ke jikin tikitinsa a bai-bai, har jirgi ya tashi ya bar shi.

An shirya wannan bayani ne domin amfanin jama'ar karkara da jami'an da ke yi musu hidima. Abin da ake so mai karatu ya riƙe shi ne, nisan da ke tsakanin Kano da Jidda ba ya canjawa, amma lokacin da tafiyar ke ci yana canjawa, kuma zaman cikin jirgi wani yanki ne kawai na tafiyar baki ɗaya.

Filayen Jiragen Saman da Ake Magana a Kansu

Filin Jirgin Sama na Malam Aminu Kano shi ne mafi daɗewa a Nijeriya. Jiragen sama sun fara sauka a Kano ranar 1 ga Nuwamba, 1925, lokacin da wasu jirage uku na sojan saman Ingila suka iso daga Helwan, kusa da birnin Alƙahira na ƙasar Masar, bayan sun yi kwanaki suna yada zango a garuruwan Sudan da Chadi. A shekarar 1936 kamfanin Imperial Airways ya soma zirga-zirga tsakanin Khartum da Kano, kuma daga nan ne filin ya zama tashar jiragen fasinja.

Filin Jirgin Sama na Sarki Abdul'aziz da ke Jidda an buɗe shi a 1981. Yana kimanin kilomita 19 arewa da birnin, kuma yana da sashe na musamman domin alhazai, wanda rufinsa ya yi kama da jerin manyan tantuna. Ɗaya filin da alhazan Nijeriya ke sauka shi ne na Yarima Muhammad bin Abdul'aziz da ke Madina.

A jikin tikiti da takardar da ake manna wa jaka, ba kasafai ake rubuta cikakken sunan gari ba. Haruffa uku ake sawa: KAN na nufin Kano, JED na nufin Jidda, MED kuma na nufin Madina. Yana da kyau matafiyi, ko wanda ke karanta masa takardu, ya san waɗannan haruffa, domin su ne ke nuna inda shi da kayansa za su sauka.

Ainihin Nisan da Ke Tsakani

Idan aka ja miƙaƙƙen layi daga filin Kano zuwa na Jidda, nisan ya kai kimanin kilomita 3,420, wato wajen mil 2,125. Matuƙa jirgin sama suna amfani da wani ma'auni da ake kira mil na teku, wanda kowane ɗaya yake daidai da mita 1,852. A wannan ma'auni nisan ya kama kimanin mil 1,850. Saboda haka idan mutum ya ga lambobi uku daban-daban a wurare daban-daban, ba saɓani ba ne, ma'aunin ne ya bambanta. Daga Kano zuwa Madina kuwa, nisan kimanin kilomita 3,560 ne, wato ya ɗara na Jidda da kusan kilomita 140, abin da jirgi ke cinyewa cikin minti goma.

Domin a gane girman wannan nisa, sai a kwatanta shi da abin da aka sani. Daga Kano zuwa Abuja ta sama kimanin kilomita 365 ne, daga Kano zuwa Legas kuma kimanin 830. Ke nan tafiya Jidda daidai take da zuwa Legas sau huɗu da ɗan ɗoriya. Da a ce akwai miƙaƙƙen titi, motar da ke gudun kilomita 80 a sa'a za ta yi kusan sa'o'i 43 ba tare da tsayawa ba. Mai tafiya a ƙafa da ke cin kilomita 25 a kullum zai yi kwana 137, idan bai huta ko da yini ɗaya ba.

Ga kimanin nisan da ke tsakanin Jidda da wasu filayen jiragen saman ƙasar nan, a kan miƙaƙƙen layi:

- Maiduguri: kilomita 2,980
- Kano: kilomita 3,420
- Katsina: kilomita 3,470
- Kaduna: kilomita 3,600
- Abuja: kilomita 3,690
- Sakkwato: kilomita 3,720
- Legas: kilomita 4,200

Wannan jeri yana nuna dalilin da ya sa alhajin Maiduguri da na Sakkwato za su ba da labarin tsawon tafiya daban-daban, kuma kowanensu gaskiya ya faɗa. Tsakaninsu akwai ratar da ta kusa sa'a guda.

Ƙasashen da Hanyar Take Ratsawa

Jidda tana gabas maso arewa da Kano. Layin da ya fi kusa yana bi ta saman Jigawa da Yobe, ya gitta kusurwar Jamhuriyar Nijar ta wajen Diffa, ya wuce ta arewacin Tafkin Chadi, ya ratsa ƙasar Chadi daga yamma zuwa gabas. Daga nan sai ya shiga Sudan ta hamadar arewacin Darfur, ya ƙetare Kogin Nilu a kusa da garin Dongola, ya fito gaɓar Bahar Maliya arewa da Fot Sudan, sannan ya tsallake tekun zuwa Jidda.

Jirgi ba ya bin wannan layi sak. A sama ma akwai hanyoyi da aka tsara, kamar yadda ake da tituna a ƙasa, kuma kowace ƙasa tana da ma'aikatan da ke lura da jiragen da ke ratsa sararin samaniyarta, suna miƙa jirgi daga hannun wannan zuwa hannun wancan ta rediyo. Bin waɗannan hanyoyi yakan ƙara wasu kilomitoci a kan nisan da aka ambata.

Kusan wannan shiyya ce kakanninmu suka bi a ƙasa. Kafin zuwan mota da jirgi, mahajjata daga ƙasar Hausa sukan bi ta Barno da Wadai da Darfur da Kurdufan har zuwa gaɓar teku a Sawakin, inda suke shiga jirgin ruwa. Tafiyar takan ci shekaru, domin sai an tsaya an yi noma ko sana'a an sami guzuri kafin a ci gaba. Da yawa ba su dawo ba, sun zauna a can, kuma wannan yana daga cikin asalin al'ummar Hausawa da Fulani da ke Sudan. A ƙarshen shekarun 1940 wasu attajiran Kano, cikinsu har da Alhaji Mahmud Dantata, suka kafa kamfanin jigilar alhazai da ake taƙaita sunansa da WAPA, wanda daga gare shi ne unguwar Wapa da ke Fagge ta samo suna. Abin da a da yake cin shekaru, ya koma watanni a mota, yanzu ya dawo sa'o'i.

Yadda Ake Lissafin Lokacin Tafiya

Manyan jiragen fasinja suna tafiya a tsayin mita 10,000 zuwa 12,000 daga ƙasa, da gudun kilomita 850 zuwa 900 a sa'a. Wato a kowane minti ɗaya jirgi yana cin kimanin kilomita 14. Idan aka raba kilomita 3,420 da 850, za a sami sa'o'i huɗu da 'yan mintoci.

Amma jirgi ba ya fara tafiya da cikakken gudu. Da farko sai ya gangara a hankali daga inda ya ɗauki fasinja zuwa bakin titin tashi, ya jira izini. Bayan ya tashi yakan ɗauki minti 20 zuwa 30 yana hawa kafin ya kai tsayin da zai miƙe. Haka kuma tun saura kimanin rabin sa'a ya isa yake fara saukowa yana rage gudu. Idan aka haɗa waɗannan duka, tafiya kai tsaye ta hanyar da ta ratsa Chadi da Sudan takan kama sa'o'i huɗu da rabi zuwa biyar. Wannan shi ne tushen amsar da jama'a suka saba ji.

Ya kamata a lura cewa lokacin da kamfanonin jirage ke rubutawa a jadawali yana farawa ne daga sa'ad da jirgi ya motsa daga wurin tsayawarsa har zuwa sa'ad da ya tsaya a ɗaya filin. Bai haɗa da lokacin da fasinja ke ɗauka suna shiga ko fita ba, kuma a jirgin da ke ɗaukar mutum 300 zuwa sama, wannan kaɗai yakan ci sa'a guda ko fiye.

Abubuwan da Ke Ƙara Lokaci ko Rage Shi

Na farko shi ne iska. A can sama inda jirage ke tafiya akwai iska mai ƙarfi da ba a jin ta a ƙasa. Idan tana bayan jirgi sai ta tura shi, idan tana gabansa sai ta rage masa sauri. A lokacin hunturu iskar saman wannan yanki daga yamma take kaɗawa zuwa gabas, don haka zuwa Jidda yakan fi dawowa sauri. A lokacin damina kuwa, daga Yuni zuwa Satumba, takan juya ta riƙa kaɗawa daga gabas, sai dawowa ta fi sauƙi. Wannan ne ya sa jirgi ɗaya, a hanya ɗaya, zai iya samun bambancin mintoci masu yawa tsakanin zuwa da dawowa.

Na biyu shi ne rufe sararin samaniyar wata ƙasa. Wannan shi ne abin da ya fi kowane ƙara tsawon tafiya. A watan Afrilun 2023 yaƙi ya ɓarke a Sudan, aka rufe sararin samaniyar ƙasar ana dab da fara jigilar alhazai. Dole jiragen da suka ɗauki alhazan Nijeriya a wannan shekara suka yi zagaye, abin da ya ƙara musu sa'o'i biyu ko fiye, kuma ya sa aka ƙara dala 250 a kan kuɗin kujerar jirgin kowane maniyyaci saboda ƙarin man da za a sha. A watan Agustan shekarar kuma, bayan juyin mulki, Jamhuriyar Nijar ta rufe nata sararin na kusan wata guda. Darasin da ke nan shi ne, kada a dogara da lissafin bara. Kafin kowace tafiya a tambayi hukumar alhazai ko kamfanin jirgi wace hanya za a bi, kuma sa'o'i nawa za ta ci.

Na uku shi ne yanayi a filin tashi ko na sauka. Hazo mai kauri a lokacin hunturu yakan hana matuƙi hangen titin sauka a Kano, hadari da guguwa kuma sukan tsayar da jirage a damina. Tun da watannin Musulunci suna matsowa da kimanin kwana 11 a kowace shekara, aikin Hajji yana zagaya dukkan yanayi cikin kimanin shekara 33. A 2008 ya faɗo a watan Disamba, tsakiyar hazo, a 2024 kuma ya faɗo a watan Yuni, farkon damina. Idan yanayi bai ba da damar sauka ba, jirgi yakan yi shawagi yana jira, ko ya karkata zuwa wani fili. Dokar sufurin sama ta duniya ta wajabta wa jirgi ya ɗauki man da zai kai shi inda ya nufa, da wanda zai kai shi wani fili na daban, da kuma ƙarin na minti 30. Saboda haka jin cewa jirgi ya sauka a wani gari ba alamar hatsari ba ce, tsari ne da aka tanada tun kafin a tashi.

Na huɗu shi ne cunkoso. A lokacin Hajji jirage daga ko'ina a duniya suna tururuwa zuwa Jidda da Madina, kuma hukumomin Saudiyya ne ke ba kowane jirgi lokacin sauka da na tashi. Jirgin da ya makara ya rasa lokacinsa sai ya jira a ba shi wani. Haka kuma jirgi ɗaya ne yakan yi ta kai-komo, don haka jinkirin sawu ɗaya yakan shafi duk sawun da ke biye.

Na biyar shi ne duba lafiyar jirgi. A nan ana roƙon jama'a su yi haƙuri na musamman. Ranar 11 ga Yuli, 1991, wani jirgi ƙirar DC-8 da ya ɗauko alhazai daga Jidda zuwa Sakkwato ya kama da wuta jim kaɗan bayan tashinsa, ya faɗi, dukkan mutum 261 da ke ciki suka rasu. Bincike ya gano cewa wasu tayoyinsa ba su da isasshiyar iska, kuma an bar shi ya tashi a haka domin gudun jinkiri. Duk lokacin da aka ce an tsayar da jirgi domin gyara, to, wannan jinkiri alheri ne, kuma bai kamata a matsa wa ma'aikata lamba a kai ba.

Bambancin Agogo Tsakanin Nijeriya da Saudiyya

Agogon Saudiyya yana gaba da na Nijeriya da sa'o'i biyu. Idan ƙarfe 12 na rana ne a Kano, ƙarfe 2 na rana ne a Jidda da Makka da Madina. Dalili shi ne, duniya tana juyawa daga yamma zuwa gabas, kuma duk digiri 15 da aka matsa gabas rana takan riga fitowa da sa'a guda. Jidda tana gabas da Kano da kusan digiri 31, don haka rana tana kaiwa tsaka a can kimanin sa'o'i biyu kafin ta kai a nan.

Ƙa'idar da ake bi a tikiti ita ce, lokacin tashi agogon garin da aka tashi ne, lokacin sauka kuma agogon garin da za a sauka ne. Ana kuma rubuta lokaci da lissafin sa'o'i 24, wato 14:00 na nufin ƙarfe 2 na rana, 22:00 na nufin ƙarfe 10 na dare, 00:30 kuma na nufin sha biyu da rabi na dare, wanda ya riga ya shiga sabuwar rana. Wannan na ƙarshe shi ne ya fi rikita mutane. Wanda tikitinsa ya nuna 00:30 ranar Talata, a daren Litinin zai kasance a filin jirgi. Idan ya bari sai daren Talata, ya makara da yini guda.

Ga misali domin ƙarin haske. A ce jirgi ya tashi daga Kano da ƙarfe 10 na dare, ya yi sa'o'i huɗu da rabi a hanya. A agogon Kano ya sauka da ƙarfe 2:30 na dare, amma a Jidda ƙarfe 4:30 na asuba ne, kuma wannan ne za a gani a tikiti. Wanda bai san da bambancin ba sai ya zaci tafiyar sa'o'i shida da rabi ce. A wajen dawowa abin yakan juya. Jirgin da ya bar Jidda da ƙarfe 10 na safe, ya yi sa'o'i huɗu da rabi, zai sauka Kano da ƙarfe 12:30 na rana, kamar dai tafiyar sa'o'i biyu da rabi ce kawai. Masu zuwa tarye su yi aiki da lokacin saukar da aka sanar, domin agogon gida ne, kada su ƙara masa komai.

Jirgin Kai Tsaye da Jirgi Mai Yada Zango

Jiragen alhazai da Hukumar Alhazai ta Ƙasa, wadda aka kafa bisa dokar 2006, take tantancewa, kai tsaye suke zuwa Madina ko Jidda. Masu tafiya Umra da 'yan kasuwa kuwa sau da yawa sukan sayi tikitin da zai bi da su ta wata ƙasa, a canja jirgi. Wanda ya bi ta Alƙahira zai yi kimanin kilomita 3,100 daga Kano, sannan wasu 1,220 zuwa Jidda, jimla kimanin 4,320. Wanda ya bi ta Adis Ababa a ƙasar Habasha zai yi kimanin 3,320, sannan wasu 1,410, jimla fiye da 4,700.

Ƙarin nisan ba shi ne babban abu ba. Jiran jirgi na biyu shi ne yake cin lokaci, domin yakan kama daga sa'o'i biyu har zuwa kwana. Kafin a biya kuɗin tikiti mai rahusa, a nemi a san tsawon jiran. Idan ya yi gajarta ƙwarai, ƙaramin jinkiri zai sa a rasa jirgi na biyu. Idan ya yi tsawo ƙwarai, tsoho ko mara lafiya zai galabaita. Kuma a tuna cewa lokacin tashin jirgi na biyu agogon wannan garin ne, ba na Nijeriya ba.

Daga Ƙofar Gida Zuwa Masauki

Ga mutumin karkara, tafiya tana farawa ne tun daga ƙofar gidansa. Matakan da zai bi su ne: tafiya daga ƙauye zuwa hedikwatar ƙaramar hukuma, daga nan zuwa sansanin alhazai, tantance fasfo da biza da takardar rigakafi, awon kaya, shiga filin jirgi, inda a tafiyar ƙasa da ƙasa akan buƙaci a iso aƙalla sa'o'i uku kafin tashi, zaman cikin jirgi, layin jami'an shige da fice a Saudiyya, ɗaukar kaya, sannan shiga mota zuwa masauki.

Tafiyar mota a can ma tana da nata tsawon. Filin jirgin Madina yana kusa da gari, kimanin kilomita 15 daga Masallacin Annabi (SAW). Daga filin Jidda zuwa Makka kimanin kilomita 100 ne, daga Jidda zuwa Madina kuma ya haura kilomita 400. Saboda haka wanda ya sauka Jidda aka wuce da shi Madina yana iya daɗewa a mota fiye da yadda ya daɗe a jirgi.

Idan aka haɗa waɗannan matakai, abin da ya fi dacewa shi ne iyali su ɗauka cewa tafiyar ta yini guda ce cur, ko fiye. Rashin jin muryar matafiyi a ranar farko ba abin tayar da hankali ba ne, musamman da yake layin wayar gida ba lallai ya yi aiki a can ba sai ya sami sabon layi. Hanyar samun sahihin labari ita ce jami'in alhazai na ƙaramar hukuma, ba jita-jitar kasuwa ko saƙonnin da ake yaɗawa a waya ba.

Kula da Lafiya a Doguwar Tafiya

Iskar cikin jirgi busasshiya ce, kuma zama wuri ɗaya na tsawon lokaci yana rage gudun jini a ƙafafu. A 2007 Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana cewa haɗarin daskarewar jini a jijiyoyin ƙafa yakan ninka kusan sau biyu ga wanda ya zauna sa'o'i huɗu ko fiye a tafiya ba tare da motsi ba. Haɗarin ba shi da yawa ga mai lafiya, amma tafiyar Kano zuwa Jidda ta shiga wannan rukuni. Don haka ana shawartar matafiya da su kiyaye waɗannan abubuwa:

1. A riƙa shan ruwa. Wasu dattawa sukan ƙi sha domin gudun shiga bayin jirgi, alhali ma'aikatan jirgi suna nan domin nuna yadda ake amfani da shi.
2. A riƙa motsa ƙafafu a zaune, a kuma miƙe a ɗan taka idan an ba da dama.
3. Magungunan hawan jini da ciwon suga da asma su kasance a jakar hannu, tare da takardar likita, kuma su isa na kwana biyu ko uku aƙalla, domin babbar jaka tana iya makara.
4. Mai shan magani a kan ƙayyadadden lokaci ya tambayi likita tun a gida yadda zai yi da bambancin sa'o'i biyu.
5. Idan kunne ya toshe a lokacin tashi ko sauka, a haɗiyi yawu ko a yi hamma, zai buɗe.
6. A riƙe ɗan abinci mara nauyi, kamar dabino ko biskit, saboda jira.

Wanda jirginsa zai sauka Jidda kuma ya wuce Makka kai tsaye, ya nemi bayanin malaman bita tun kafin tafiya game da inda zai ɗaura harami, ya kuma sa tufafin haramin a jakar hannu.

Jan Hankali ga Jami'an Ƙananan Hukumomi da Masu Unguwanni

Jami'ai su ne gadar da ke tsakanin hukuma da jama'a, kuma akasarin ruɗanin da ake samu daga yadda aka isar da saƙo yake tasowa. Saboda haka ana tunatar da su cewa, idan za a sanar da lokacin tafiya, a faɗi rana da kwanan wata da ƙarfe, a kuma fayyace ko safe ne ko dare. A bambanta lokacin hallara a sansani da lokacin tashin jirgi. A yi la'akari da nisan ƙauyuka da halin hanyoyinsu, musamman a damina, a ba mutanen nesa isasshen lokaci don kada su yi tafiyar dare. A riƙe lambar wayar mutum ɗaya daga kowane iyali, a sanar da shi idan jirgi ya tashi da kuma idan ya sauka. A lokacin dawowa kuma, kada a ce wa masu tarye su taso sai an tabbatar jirgin ya bar Saudiyya, domin daga sa'ad da ya tashi akwai aƙalla sa'o'i huɗu da rabi, wanda ya ishi mafi yawan mutane isowa daga garuruwansu.

Kammalawa

A taƙaice, nisan Kano zuwa Jidda kimanin kilomita 3,420 ne, zuwa Madina kuma kimanin 3,560. Jirgin kai tsaye yakan yi sa'o'i huɗu da rabi zuwa biyar idan hanyar Chadi da Sudan a buɗe take, ya kuma ƙara sa'o'i biyu ko fiye idan ya zama dole a yi zagaye. Agogon Saudiyya yana gaba da namu da sa'o'i biyu. Tafiyar baki ɗaya, daga gida zuwa masauki, a ɗauke ta a matsayin ta yini guda ko fiye, a yi guzurin magani da haƙuri daidai da haka.

Ana roƙon duk wanda ya karanta wannan bayani ya isar da shi ga waɗanda ba su sami damar karantawa ba, musamman dattawa da iyalansu. Allah Ya kai matafiyanmu lafiya, Ya dawo mana da su lafiya, amin.